Kwamfutar Cinya a Ƙasar Zafi da Ƙura: Yadda Ake Saye, Kulawa da Gyara

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta zama ta kwamfuta ɗungurungum. Ma'anar wannan ita ce, ɗalibin da ya kammala sakandare a Jiga Birni, ko Jega, ko Maiyama, ba zai taka ƙofar jami'a ba sai ya zauna gaban allo da madannai, ko da kuwa jami'ar nan ce ta kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, wadda ke kusa da gida. Idan ya shiga kuma, rajista da aikin gida da kundin kammala karatu duk da kwamfuta ake yin su. Saboda haka iyaye da yawa kan sayar da buhunan albasa ko na shinkafa domin su saya wa ɗansu ko 'yarsu kwamfutar cinya, wato wadda ake naɗewa a sa a jaka. Malamai su ma sukan tara albashin watanni domin wannan buƙata. Kuɗin da aka yi gumin damina ko na rani kafin a same su, bai kamata su salwanta cikin wata uku ba saboda rashin sani.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa mai karatu sassan wannan na'ura, da abin da zai duba kafin ya biya kuɗi, da abin da ke kashe ta a irin yanayinmu, da kuma gyaran da ya cancanci a kashe masa kuɗi. Masu nazarin halittu sukan fara da sanin gaɓoɓin jiki da aikin kowace gaɓa kafin su yi maganar cuta da magani. Wannan hanya za mu bi.

Gaɓoɓin kwamfuta da aikinsu

Sassa huɗu ne ke nuna darajar kwamfuta. Na farko shi ne firosesa, wani ɗan guntun silikon mai faɗin farcen babban yatsa, wanda ke gudanar da dukkan lissafi. Na biyu shi ne ram, wurin da na'ura ke shimfiɗa aikin da take yi a halin yanzu. Ram kamar tabarmar mai awo ce a kasuwa: gwargwadon faɗinta, gwargwadon kayan da za a baza a lokaci ɗaya, kuma da an tashi kasuwa sai a naɗe ta, domin duk abin da ke cikin ram yakan ɓace da zarar an kashe wuta. Na uku shi ne ma'aji, rumbun da fayiloli da manhajoji ke zama ko da na'ura tana kashe. Na huɗu kuwa batir. Dukkan waɗannan suna haɗe ne da wani babban faifai da masu gyara ke kira bod.

Ana auna ram da ma'aji da gigabait. Nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa, domin mai kanti zai ce kwamfutarsa tana da gigabait 500, mai saye kuma ya ɗauka zai sami sauri. Alhali wannan adadi girman rumbu ne kawai. Sauri kuwa ya dogara ne ga firosesa, da yawan ram, da kuma irin ma'ajin da aka sa.

Ma'aji iri biyu ne. Tsohon yayi, wanda ake kira had-dis, faifai ne na maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin kwamfutocin cinya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Idan na'ura ta faɗi ko aka girgiza ta tana aiki, allurar na iya kartar faifan, fayiloli su lalace. Sabon yayi shi ne SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Had-dis yakan karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuwa kimanin 500, wasu ma dubbai. Ga wanda ke goya kwamfutarsa a kan babur tsakanin ƙauye da makaranta, SSD ya fi dacewa nesa ba kusa ba.

Yadda ake karanta sunan firosesa

Yawancin kwamfutocin da ke kasuwanninmu na hannu ne, wato an yi amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka kafin a shigo da su ta Legas. Daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja suke bazuwa zuwa Kano da Sakkwato da Birnin Kebbi. Na hannu ba aibi ba ne. Irin waɗanda aka ƙera domin ofisoshi, kamar ThinkPad na kamfanin Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook ko ProBook na HP, sun fi ƙarfin jiki, sun fi sauƙin kwancewa, kuma kayan gyaransu sun fi samuwa. Abin lura shi ne shekarunsu.

Mutane sun saba jin i3 da i5 da i7 na kamfanin Intel, har suna zaton duk i7 ta fi i5. Ba haka abin yake ba. Kowane firosesa yana da zubi, kuma lambar da ke biye da 'yar karan tsaga ita ce ke nuna zubin. A i5-3320M lambar farko 3 ce, wato zubi na uku, wanda ya fito a 2012. A i5-8250U kuwa 8 ce, zubi na takwas, na shekarar 2017. Daga zubi na goma zuwa sama, lambobi biyun farko ake karantawa, kamar 11 a i5-1135G7. To, i5-8250U yana da ƙwayoyin aiki huɗu, i7-7500U kuwa biyu kacal gare shi, saboda haka wannan i5 ɗin ya fi wancan i7 ɗin aiki duk da ƙanƙantar sunansa. Takardar da aka liƙa a jikin na'ura ba hujja ba ce, domin ana iya ɓamɓaro ta daga wata. A kunna kwamfutar, a shiga shafin bayanin na'ura, a karanta sunan firosesa da adadin ram da ido.

Zubi na takwas yana da wani muhimmanci na daban. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, ya kuma shardanta cewa sai firosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama, in ban da wasu 'yan kaɗan, da ram aƙalla gigabait 4, da ma'aji aƙalla gigabait 64. Sannan a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Tsohuwar kwamfuta ba ta daina aiki a wannan rana ba, amma ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa a cikinta za su riƙa zama a buɗe. Wanda ke da hali ya nemi zubi na takwas ko sama, da ram gigabait 8, da SSD mai gigabait 256. Wannan ya ishi ɗalibi rubutu da bincike da koyon jarrabawa. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, yana iya sayen tsohon zubi a kan farashin da ya dace da tsufansa, ya sa mata manhajar Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta su.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Kada a karɓi kwamfuta a kwali ko a leda ba tare da an zauna da ita na rabin sa'a ba. Ga abubuwan da za a gwada:

1. Allo. A buɗe farin shafi, sannan baƙi, a duba ko akwai layi, ko ɗigo, ko tabo mai haske.

2. Madannai. A buɗe shafin rubutu, a danna kowane harafi da kowace lamba ɗaya bayan ɗaya.

3. Kafofi. A soka filashi a kowace kafar USB, a gwada lasifika da kyamara, a kuma haɗa na'urar da intanet ɗin wayar hannu.

4. Maganaɗin murfi. A buɗe a rufe sau da yawa. Idan roba tana ɗagawa a gindin allo, karyewa na tafe.

5. Fanka. A kunna bidiyo na minti goma sha biyar, a kara hannu a kafar iska. Iska mai ɗumi ta riƙa fita a hankali. Ƙara mai kama da ta injin niƙa, ko mutuwar na'ura haka kawai, alamar ciwo ce.

6. Makulli. A shiga shafin BIOS a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Na'urar da ke neman kalmar sirrin wani kamfani ko makaranta, a bar ta, domin mai yiwuwa ta sata ce.

7. Batir. A Windows, idan aka rubuta umarnin powercfg /batteryreport, na'ura za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da kuma ƙarfin da yake iya ɗauka a yau. Idan na farko 45,000 ne, na biyu kuma 18,000, saura kashi 40 cikin ɗari ke nan, sai a rage kuɗin sabon batir daga farashi.

Bayan wannan a karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan kanti da lambar jikin na'ura, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Wanda bai san kan abin ba, ya tafi da malamin kwamfuta na makarantarsu ko wani ɗalibi da ya saba.

Zafi: babban abokin gaba

Jikin ɗan Adam yana tsayawa a kan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan zafi ya yi yawa yakan fitar da gumi domin ya huce. Kwamfuta ba ta gumi. Kusan duk wutar da ta sha zafi take komawa, kuma hanyar fitar da shi ita ce wani bututun jan ƙarfe da ke ɗauko zafi daga firosesa zuwa wasu siraran faranta, inda fanka ke hura musu iska. Wannan tsari bai iya sanyaya na'ura fiye da iskar ɗakin da take ciki. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Kebbi yakan wuce digiri 40, saboda haka fankar tana fifita da iskar da ita kanta mai zafi ce. Idan firosesa ya kusanci digiri 100, sai ya rage gudu da kansa, in abin ya ci tura ya kashe na'urar domin ya tsira. Sau da yawa abin da ake ɗauka cutar bairos ce, zafi ne kawai.

Manomin albasa a Aliero ya san wannan darasi tun kafin zuwan kwamfuta. Albasar da aka cire daga gona rayayya ce, tana numfashi tana fitar da zafi da laima, shi ya sa ake ɗaga ta daga ƙasa a ajiye ta inda iska ke ratsawa, in kuwa aka cunkushe ta sai ta ruɓe. Haka kwamfuta take. Kafofin shan iskarta a ƙasa suke, don haka ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma toshe mata hanci ne. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta da wani abu.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ita ce ta biyu. Hancinmu yana da gashi da majina da ke tace ƙura, amma yawancin kwamfutocin cinya ba su da matata. Ƙura takan haɗu da zaren tufafi ta zama kamar auduga a bakin farantan nan, ta hana iska wucewa. Ya kamata mai gyara ya buɗe na'ura ya share fankar sau ɗaya a shekara, kuma mafi dacewar lokaci shi ne ƙarshen hunturu, kafin shigowar bazara. Idan na'urar ta tsufa, ya sauya man da ake shafawa tsakanin firosesa da bututun jan ƙarfe, domin yakan bushe. Har ila yau, a guji cin abinci a kan madannai. Ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ko burodi yana jawo kiyashi da kyankyasai, waɗanda dama ɗumi da duhu suke nema, kuma kashinsu da laimar jikinsu na iya haɗa layukan wuta a kan bod.

Batir da caja

Batirin kwamfuta na sinadarin litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Masana uku da suka share fagen ƙirƙiro shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Ɗaliban nazarin halittu sun san ƙa'idar nan da ke cewa saurin haɗuwar sinadarai yakan kusan ninkawa idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Abin da ke tsufar da batir shi ma haɗuwar sinadarai ce a cikinsa, saboda haka batirin da ke zama a zafi yana riga na wuri mai sanyi mutuwa. Kada a bar kwamfuta a cikin mota a rufe, ko kusa da taga mai rana. Kada kuma a saba barin batir ya ƙare ƙaf. Tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari ya fi masa daɗi, kuma wasu na'urori suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80.

Idan aka ga madannai sun tasa, ko gindin na'ura ya ƙi zama daidai a kan tebur, batir ne ya kumbura saboda iskar da ta taru a cikinsa. A daina caji nan take, a kai a cire shi. Kada a huda shi, kada a danne shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Caja kuwa tana karɓar wutar gida mai bolt 230 ta mayar da ita kimanin bolt 19 zuwa 20. A jikin kowace caja an rubuta bolt da amfiya, kuma idan aka ninka su za a sami wat. Misali, bolt 19.5 sau amfiya 3.33 ya ba da kimanin wat 65. Ƙa'idar sauya caja ita ce: bolt ya zama daidai da na asali, amfiya kuma daidai ko fiye, amma ba ƙasa ba. Shigar baki cikin kafa ba ita ce shaidar dacewa ba. Cajar jabu takan yi rashin nauyi a hannu domin an rage kayan kariya a cikinta, kuma araharta ba ta kai asarar bod ba. Idan za a tayar da janareta, a zare caja tukuna, a bari injin ya daidaita sannan a soka. Haka nan a zare ta idan hadari ya taso da tsawa. Wanda ke kai na'urarsa shagon caji ya tafi da cajarsa, ya kuma sa mata alama.

Ƙarin ƙarfi: abin da ake iya sauyawa

Tsohuwar kwamfuta mai nawa ba lallai ne a rabu da ita ba. Sauyi mafi riba shi ne a cire had-dis a sa SSD. Na'urar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi tana iya komawa tashi cikin ƙasa da rabin minti. Tsohon had-dis ɗin kuma a saya masa gida mai wayar USB, ya zama wurin ajiyar kwafi. Na biyu shi ne ƙarin ram daga gigabait 4 zuwa 8. Sai dai ram iri-iri ne, akwai DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma tsagar da ke gindin kowanne a wuri daban take, don haka wani ba ya shiga gurbin wani. Wasu siraran kwamfutoci ma an liƙe ram ɗinsu da bod, ba a iya ƙara musu. Firosesa a kwamfutocin cinya na wannan zamani shi ma a liƙe yake. Duk mai gyaran da ya ce zai mayar da i3 ta koma i7 da manhaja, yaudara ce.

Game da filashi, akwai na jabu da ke nuna gigabait 64 ko fiye alhali cikinsa bai kai haka ba. Yakan karɓi fayiloli kamar lafiya, sai ranar buƙata a tarar sun ƙi buɗewa. A cika shi da bidiyo tun ranar saye, a gwada buɗe na farko da na ƙarshe.

Idan matsala ta auku

Kafin a nufi wurin mai gyara, a gwada abu mai sauƙi. Idan na'ura ta ƙi tashi, a sauya soket, a duba ko fitilar caja tana kamawa, sannan a zare caja a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa talatin kafin a sake gwadawa. Idan fanka tana juyawa amma allo baƙi ne, a haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito a talabijin, bod lafiya yake, matsalar ta allo ce ko ta wayarsa. Idan ruwa ko shayi ya zube a kanta, a kashe ta nan take, a zare caja, a kifar da ita a buɗe, a kai ta a buɗe cikinta a busar. Kunna ta domin a ga ko tana aiki shi ne ke ƙone ta. Binne ta a cikin shinkafa ba ya cire sukarin shayi ko gishirin da ke cin ƙarfe.

A wurin mai gyara, a rubuta girman ram da na ma'aji da lambar batir a gabansa, a kuma nemi a dawo da duk abin da aka cire. Idan kuɗin gyaran bod ya kai rabin kuɗin wata na'urar irinta, gara a haƙura a sayi wata. Fayiloli kuwa sun fi na'urar kanta daraja. Kundin ɗalibi ko sakamakon jarrabawar aji ya kasance a wuri uku: a kwamfuta, a filashi, da kuma a akwatin imel.

Mushen kwamfuta da lafiyar jama'a

A 1988 an gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko, garin bakin ruwa da ke jihar Delta a yau, ba Kokon da ke maƙwabtaka da Maiyama ba. Wannan da makamantansa ne suka kai ga yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 a kan safarar shara mai haɗari. Matacciyar kwamfuta ita ma ƙaramar shara ce mai guba. Tsofaffin bod suna ɗauke da dalma, fitilun tsofaffin allo suna da zaiba, robar wayoyi kuma tana fitar da hayaƙi mai illa idan aka ƙona ta domin a ciro jan ƙarfe. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma illarta ba ta gyaruwa. Kada a ba yara tsohon bod ko batir su yi wasa da shi, kada a jefa su a bola inda ake cinna wuta, ko kusa da rijiya da fadama. A bar su wurin mai gyara, wanda zai ciri abin da ke da amfani.

Kammalawa

Mai saye ya karanta zubin firosesa, ya gwada batir, ya karɓi rasiɗi. Mai riƙewa ya ba na'urarsa iska, ya share mata ƙura bayan hunturu, ya tsare ta daga cajar jabu. Ga malamai kuwa, akwai shawara guda: a nemi matacciyar kwamfuta ɗaya, a cire batirinta, a kwance ta a gaban 'yan ƙungiyar kimiyya ta makaranta kamar yadda ake feɗe kwaɗo a ɗakin gwaji, kowane ɗalibi ya ga fanka da ram da ma'aji da idonsa, sannan kowa ya wanke hannu da sabulu. Ɗalibin da ya san cikin na'ura, da wuya a sayar wa mahaifinsa gawa a kan kuɗin mai rai.